Ranar da Na Kira Sunan Balkisu

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku labarin gidan da aka haife ni, na rubuta na rasuwar mahaifina, amma duk lokacin da na iso shekarar gyalen nan sai in ajiye biro in ce sai gobe. Yanzu da Allah ya karɓi yayarku Balkisu, ba ni da sauran abin jira. A zaman makokinta na ji wata daga dangin babanku tana gaya wa jikokina a hankali wai kakarsu ta taɓa gudu daga gidan miji saboda wata Ba'indiya ta juya mata kai. Wurin makoki ba wurin magana ba ne. Amma ba na so in bar duniya in bar ku da wannan. Gaskiya ne na fita ba da izini ba, gaskiya ne kuma akwai Ba'indiya a cikin maganar. Ga yadda sauran ya kasance.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ba ta kai haka ba. Gidanmu na Nasarawa babban gida ne na karatu da noma. Babba a gidan shi ne yayan babanku, Malam Haliru, wanda ke karantarwa a zaure, kuma abin da ya faɗa shi ake yi. Sai mahaifiyarsu, Inna Tumba, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a ƙofar ɗakinta, amma babu abin da ke wucewa a tsakar gida bai bi ta gaban idonta ba. Babanku, Sani, shi ne na gona, yawancin kwanakinsa yana fadamar Ambursa wajen shinkafa. Mu matan gidan ba ma fita sai da dalili, sai da izini, sai kuma da rakiya.

Balkisu ita ce ɗiyata ta fari. Ku na yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban kowa, kuna kiran su da sunaye masu daɗi, kuma ban ga laifinku ba. A zamaninmu ba haka ba ne. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai har wata ta ɗauke shi. Da aka yaye Balkisu aka ba yayar babanku, Gwaggo Ige, ta tafi da ita Argungu ta riƙe. In sun zo ganin gida, ni sai dai in ce "yarinyar nan" ko "ɗiyar Ige". Ita kuma tana ce mini Yaya Kulu, yadda ta ji yaran gida suna faɗa. Har ta fara zama budurwa bakina bai taɓa furta sunanta ba. Kada ku ɗauka rashin so ne. Duk Sallah ni ke ɗinka mata kaya, kuma ban taɓa ɗora mata igiyar awo ba. Ta gefen ido nake auna ta in tana wasa a tsakar gida, kuma ba a taɓa mayar mini da riga an ce ta yi mata kaɗan ba.

Ɗinkin nan shi ya haɗa ni da Madam, Ba'indiyar da ake faɗa. A shekarun nan akwai Indiyawa da yawa a makarantu da asibitocin gwamnati, kuma mijinta yana koyarwa a wata makarantar sakandaren maza. Tana neman macen da za ta riƙa ɗinka mata 'yar ƙaramar rigar da suke sawa a ƙarƙashin sari, don ba ta so tela namiji ya auna ta, sai matar kukunsu ta kawo ta gidanmu. Ranar farko duk matan gida suka fito kallo. Inna Tumba ta sa aka matso mata da baƙuwar, ta kama bakin sarin tana murzawa, ta ce:

"Wanga zane duka mutum guda? Ai wanga ya ishe ni da jikokina."

Madam ba ta ji ba, amma ta yi dariya tare da mu, kuma tun daga ranar ta zama 'yar gida. Hausarta gutsi-gutsi ce, ni kuma ba na jin Turanci, amma almakashi da alli suka isar mana. Ita ta nuna mini yadda ake yanka kayan da 'yan matan ƙasarsu ke sawa: riga mai tsaga a gefe da ke sauka har gwiwa, wando mai faɗi a sama wanda ya tsuke a idon sawu, da siririn gyale mai tsawo da ake ratayawa a wuya ta gaba a watsa bakunansa biyu ta bayan kafaɗa. 'Yan matanmu sun riga sun ga irinsu a hotunan da ake mannawa a ƙofar sinima, duk hankalinsu yana kai. Sai na yi dabara. Na yanka rigar da wandon daga atamfa, na ƙara wa hannu tsawo, na rufe wuyan, na bar ɗankwali a kai yadda aka saba. Har Malam Haliru da ya ga ɗiyarsa a ciki bai hana ba, ya ce wando ya fi zane sutura ga yarinyar da ke guje-guje. Gyalen ne kawai atamfa ba ta yi masa, don ta yi nauyi. Sai aka kawo wani yadi kasuwa, mai shara-shara, mai sheƙi, marar nauyi kamar iska, da tambarin ɗawisu a bakinsa. Mata suka sa masa suna mai ɗawisu. Masu sayarwa suna rantsuwa daga Indiya yake. Na Madam ba irinsa ba ne, nata na auduga ne, amma ni ban kula da bambancin ba sai da cewa namu ya fi ƙyalli.

A wannan shekarar, bayan an fara yankan shinkafa, Gwaggo Ige ta tashi aurar da babbar ɗiyarta. Ta aiko da atamfa ta ce in ɗinka wa ƙawayen amarya da ƙannenta anko irin na Indiya, don Argungu ba a taɓa gani ba. Na zauna a kan keken ɗinki har bayana ya ƙage. Gyalen mai ɗawisu na zaɓa musu, ruwan ƙwai, kuma na Balkisu na ƙara masa tsawo kaɗan ba tare da na gaya wa kowa ba, don na san ta yi tsayi. Aka aika da kayan. Shirin da aka yi shi ne babanku zai dawo daga Ambursa washegarin wunin biki, mu tafi tare ranar kai amarya.

Ranar wunin, da hantsi, ina guga a ƙofar ɗakina da dutsen gawayi, kai Nasiru, lokacin kana ɗan goye, kana barci a tabarma kusa da ni, sai ga Madam ta zo karɓar ɗinkinta. Ta daɗe ba ta zo ba, ta yi zazzaɓi. Ta zauna, ta ga ragowar yadin ruwan ƙwai a cikin kwando, ta ɗauka ta murza tsakanin yatsunta. Na ga fuskarta ta sauya.

"Kulu, wannan na wa?"

Na gaya mata da jin daɗi. Na ce yau ma za a sa shi a Argungu, da azahar 'yan mata za su yi kwalliya, su zauna tuyar masa ta baƙin la'asar, don haka al'adar gidan Gwaggo Ige take, ƙawayen amarya su ke tuya da hannunsu. Sai da na maimaita mata da nuni kafin ta gane.

"Yara? Da wannan? Kusa wuta?"

Ba ta jira amsata ba. Ta buɗe murfin dutsen gugar, ta yanki ƙyalle kamar tafin hannu, ta riƙe shi a kan gawayin. Na san yadda auduga ke ci, a hankali, da hayaƙi, har ka samu damar murje ta. Wannan ba haka ya yi ba. Wuta ta haye shi gaba ɗaya kafin in ƙifta ido, ya dunƙule, ya yi baƙi, ya fara ɗiga kamar narkakken ƙaro. Na kai hannu in kare tabarmar da Nasiru ke kai, ɗigo ɗaya ya sauka a bayan hannuna ya manne. Da na fizge shi sai ya tafi da fata. Tabon da kuke ta tambaya ta tun kuna yara ina ce muku na girki ne, shi ne wannan.

Madam ta riƙe hannuna tana hurawa, hawaye na zubo mata. Da 'yar Hausarta ta ba ni labarin ƙanwarta. Sabuwar amarya ce a ƙasarsu, ta sa sari na irin wannan yadi don mijinta zai zo da baƙi, ta juya ta ɗauko wani abu, bakin sarin ya taɓa risho.

"Mun zuba ruwa, Kulu. Bai fita ba. Ya shiga jiki."

Ta ce a wurinsu abin da uwa ke fara koya wa ɗiyarta shi ne ta naɗe gyale ta ɗaure a ƙugu kafin ta shiga madafa, kuma ba a zuwa gaban wuta sai da auduga. Mu mun ɗauko kwalliyar, wannan kuwa ba mu ɗauko ba, domin a hotunan sinima ba a nuna madafa. Kuma su a tsaye ko a kan ɗan benci suke girki da risho. Namu murhun a ƙasa yake, wutar kara ce mai tashi ba sallama, kuma yarinya sai ta durƙusa ta kai fuskarta bakin murhu ta hura. Ina zaune na ga abin a idona kamar yana faruwa: ta sunkuya, bakunan gyalen biyu su zamo daga kafaɗa su faɗo gaba. Kuma na san wa za a zaunar a gaban tanda. Duk zuwan da Gwaggo Ige za ta yi sai ta yi alfahari cewa babu mai juya masa kamar Balkisu.

Na tashi na je wurin Inna Tumba. Na durƙusa na gaya mata, na nuna mata hannuna. Ta dube ni ta dubi hannun.

"To, Allah shi sawwaƙe. Sa mai man shanu."

"Inna, ba hannun ba. Yaran. Yarinyar nan ita ka tuya."

"Ke Kulu, kan ɗiyar fari kike wanga rawar jiki? Gabana? Ige ta riƙe ta tun tana rarrafe ba ta ƙone ba, sai yau?"

Na roƙe ta ta sa a yi mini magana da Malam Haliru. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki, ni ina durƙushe daga nesa. Ba mugun mutum ba ne, kada ku riƙe shi da haka. Ya saurare ni har na gama. Na ce ko ba ni ba, a aiki wani.

"In aiki mutum Argungu shi ce mi? A tuɓe ma yara tufafi ranar buki, don matar ticha ta ƙona ƙyalle? Kowane tufa wuta na ci nai, Kulu. Allah shi ne mai tsari. Gobe Sani na dawowa, ku tahi tare yadda anka shirya."

Ya juya ya koma wurin ɗalibansa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Na ɗaga kai na ga inuwar katanga tana janyewa daga tsakar gida. Na yi ƙoƙari in gaya wa kaina cewa gaskiyarsu ne, yara nawa ke sa irin wannan gyale a garin nan ba abin da ya same su. Amma hannuna yana zafi, ɗigo ɗaya tak, ina jin sa har ƙwaƙwalwata. Sai na tuna tsawon da na ƙara wa nata.

Na goya Nasiru, na lulluɓa da babban mayafi, na bi ta ƙofar baya wajen turken awaki. Madam tana biye da ni. Motarsu mijinta ya tafi da ita Sakkwato, ba ta da abin da za ta yi mini sai rakiya, don ban san hanyar tasha ba. Shekaruna nawa a Nasarawa ban taɓa taka titinta da rana ni kaɗai ba. Muka ratsa unguwa, matar gidan malamai da Ba'indiya cikin sari, masu shaguna suna miƙo wuya. Abin da mutane suka gani ke nan, kuma daga nan labarin da kuka ji ya samo asali. A tasha ita ta yi ta tambaya da hannu har aka nuna mana a-kori-kura mai zuwa Argungu. Ta taimaka mini na hau baya. Ta riƙe yatsuna ta ce:

"Cire duka, Kulu. Duka yara."

Ban sake ganin ta ba.

Motar cike take da buhunan da babu komai a ciki na wasu mutanen Augie da suka kawo albasa, da wata tsohuwa mai kifi da ta ƙi yin shiru. Ta leƙa cikin mayafina ta ce:

"Ke ɗiyata, yaji ne ko buki? In yaji ne ki koma, hatsi ya yi tsada, ubanki ba shi murna da ganin ki."

Aka yi dariya. Na ce biki ne. Ta ce ba ta taɓa ganin mai zuwa biki da fuskar jana'iza ba. Na ja mayafina na gyara goyon Nasiru. Lokacin yankan shinkafa ne, manoma suna ƙona tattaka a fadama, ko'ina hayaƙi yana tashi. Duk hayaƙin da na hango sai in tuna murhun Gwaggo Ige. Ina karanta duk abin da na iya, ina ɓata ayoyin ina sake farawa.

A Ambursa direba ya tsaya zai ɗora shinkafa. Daga inda nake zaune ina ganin 'yar hanyar da ke gangarawa fadamarmu, wadda babanku ya sha ba ni labarinta. Yana can, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. In na sauka na same shi, fitata ta zama da izini, ko ta zama mai sauƙin gyarawa. Amma sai na neme shi cikin gonaki, motar ta tafi, kuma ban san yaushe wata za ta zo ba. Ina cikin wannan sai na ji an ce:

"Kulu? Ke ce? Lahiya?"

Wani abokin noman babanku ne, Mamman, yana ɗauke da buhu a ka. Ya sauke ya matso, yana kallon bayana ko zai ga mai rakiya.

"Ina za ki ke ɗai? Sani shina nan ƙasa. In kira shi?"

Na dubi rana. Ta kusa tsakiya. Na ce:

"A'a, Malam Mamman. Ka ce mai na tahi Argungu. Ka ce mai ni ce nit tahi, ba wanda ya aike ni."

Ya tsaya baki buɗe har motar ta tashi. Na san a wannan lokacin abin da na saya wa kaina. Ban yi kuka ba, tsoron da ke gabana ya fi wanda na baro.

Muna shiga Argungu ana kiran sallar azahar. Na san gidan, amma a ruɗe na ɓata lungu, sai kalangu ya mayar da ni hanya. Tun daga waje na ji ƙanshin mai a wuta. Na ratsa maza a ƙofar gida ba sallama, na ratsa mata a tsakar gida, wasu suna kira na ban juya ba. A can ƙarshen gida, gefen rumbu, aka kafa murahu. Na hango su, jere, duk cikin ruwan ƙwai, suna sheƙi a rana, suna ta dariya. Kayan sun yi musu kyau ƙwarai, wannan ma ban manta ba. Balkisu tana tsugune a gaban tanda. Wutar ta lafa, ta tura kara, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta sunkuya za ta hura. Na ga bakin gyalen na dama ya zamo daga kafaɗarta.

Tsakanina da ita akwai tabarmi da ƙwarya da yara. Ba zan kai ba. Sai na ji murya ta fita daga bakina, wadda ban san ina da ita ba.

"Balkisu!"

Ta ɗago a firgice ta miƙe tsaye. A daidai lokacin karan ya kama, wutar ta tashi ta lashi gefen tanda, wurin da fuskarta take yanzun nan. Bakin gyalen yana lilo a sama da ita, tsakaninsu bai fi taƙi ba. Na isa na fizge shi daga wuyanta da ƙarfin da har ta yi tangaɗi, na tura ta bayana. Mai kalangu ya tsaya. Gwaggo Ige ta taho da gudu, ɗankwalinta a hannu.

"Kulu! Wa ya mutu? Inna ce?"

Ba ta ko rufe baki ba. Wata tsohuwa daga dangin ango ta tafa hannu ta ce:

"Yau mun ga abu! Uwa ta kira sunan ɗiyar fari tsakar taro. Birnin Kebbi kunya ta ƙare?"

Wasu suka fara dariya. Ban san yadda zan yi musu bayani ba, sai na yi abin da Madam ta yi. Na dunƙule gyalen da na ɗinka da hannuna na jefa a murhu. Ya tashi da wata irin ƙara, harshen wutar ya wuce tanda ya kai ƙirjin mutum, baƙin hayaƙi mai wari ya turnuƙe, sannan ya narke ya riƙa tafasa a kan duwatsun murhu yana manne da su. Dariyar ta yanke. Sai wata mata ta ƙwala wa ɗiyarta kira:

"Cire! Ke Luba, cire shi, don ubanki!"

Nan take iyaye suka afka wa 'ya'yansu. Yaran suna kuka an ɓata musu kwalliya, amarya ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, masa ta ƙone a tanda. Ni ina tsaye Nasiru yana tsala ihu a bayana. Na juya. Balkisu ba wutar take kallo ba, ni take kallo. Ta ce a hankali, yadda ba wanda ya ji sai ni:

"Yaya Kulu, ashe kin san sunana."

Na kau da kai, don haka aka koya mini.

Abin da ya biyo baya ba zan tsawaita shi ba. Da yake babu wadda ta ƙone, kafin mako ya zagayo labarin wutar ya dushe, labarin fitata ya rage. Aka ce kowane tufa in ka jefa a wuta zai ci. Aka ce na ɓata bikin ɗiyar Ige, na kunyata gidan malamai, an gan ni a tasha da wadda ba ta salla. Malam Haliru ya tara 'yan'uwansa ya ce in aka bar wannan, gobe kowace mace a gidan za ta bi ta turken awaki. Babanku ya sake ni saki ɗaya, na koma gidan mahaifina da Nasiru. Kafin idda ta cika ya mayar da ni, bisa sharaɗin da yayansa ya gindaya: keken ɗinki ya bar gidan, kuma Madam ba ta sake shigowa. Keken aka ba wata 'yar'uwarsu a ƙauye. Madam kuma, na ji daga baya, ta zo sau biyu aka tsayar da ita a zaure, kuma kafin shekara aikin mijinta ya ƙare suka koma ƙasarsu. Ko sunanta na gaskiya ban riƙe daidai ba. Ina yi mata fatan alheri duk inda take, ita da zuriyarta.

Ba na so ku riƙe babanku da wannan. Ƙani ne a gidan yayansa, a gonar gado yake noma. Ranar da ya je ɗauko ni daga gidanmu, muna tafe shi a gaba ni a baya, sai ya rage sauri har na kusa cim masa. Bai juyo ba ya ce:

"Mamman ya ce ya so shi kira ni kin hana."

Na ce haka ne.

"Da kin sauka, da na ce ki koma gida, don Yaya ya riga ya yi magana." Muka ƙara tafiya. "Gara da ba ki sauka ba."

Bai sake ɗaga maganar ba har ya rasu, ni ma haka. Amma duk Sallah shi da kansa yake zuwa kasuwa sayen gyalen 'ya'yansa mata, kuma sai ya zare ɗan zare daga bakin yadi ya ƙyasta masa ashana a gaban mai shago kafin ya saya. Kuna jin kunyar wannan hali nasa kuna yara. Yanzu kun san daga ina ya samo shi.

Ni da Balkisu muka koma yadda muke. Ta ci gaba da ce mini Yaya Kulu har ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, ta aurar da wasu. Ni ma ban sake kiran sunanta ba, na koma "uwar su Amina". Sai a ciwon nan nata na ƙarshe, wata rana da rana muna mu biyu a ɗakin asibiti, ina yi mata fifita, ta buɗe ido ta ce:

"Inna, ba kowa. Kira ni irin na ranar nan."

Ba ta taɓa ce mini Inna ba sai ranar. Na kira ta. Ban yi da ƙarfi ba, amma ta ji.

Da za a yi mata wanka, mata suka ce in fita, uwa ba za ta iya ba. Na ce ba zan taɓa ba, ruwa kawai zan riƙa zubawa. Suka ƙyale ni. Na tsaya da buta ina zubawa inda aka nuna mini, ina duba ta yadda ban taɓa samun damar duba ta ba tun ranar da aka yaye ta. Wuyanta, kafaɗunta, bayanta, hannuwanta. Ciwo ya ramar da ita, furfura ta fito mata, amma fatarta lafiya lau take daga sama har ƙasa, babu tabon wuta ko ɗaya. Haka aka naɗe ta cikin farar auduga.

Wanda ya sake ce muku na gudu daga gidan babanku, kada ku yi faɗa da shi. Ku ce masa ta je Argungu ne, kuma ta isa kafin la'asar.